Ciyawar da Yaya Sale Ya Shuka wa Binta

Shekara tara ke nan da muka kai yayana, Malam Sale, makwancinsa a Malumfashi, amma har yau damina ba ta faɗuwa ban tuna shi ba.

Manomi ne kamar mahaifinmu, ƙarfinsa duk a yaƙi da ciyawa ya ƙare. Shi ya sa unguwa ta yi ta dariya da aka ji ya sayo irin ciyawa daga Zariya, wai zai shuka a tsakar gida. Bai yi wa kowa bayani ba. Mu dai mun san dalili. 'Yarsa Binta, wadda shan inna ya kashe wa ƙafafu, da rarrafe take yawo, tsakuwa kuwa ta cinye mata gwiwoyi.

Karon farko ruwa ya kwashe irin ya zuba a kwata. Na biyu kaji suka tsince. Na ce ya haƙura a shimfiɗa mata tabarma. Ya ce, "Isiya, tabarma iyakarta nan da can. Yarinyar nan ba ɗaure take ba."

Sai ya kwaso tattakar shinkafa da ɓawon gyaɗa daga gonarsa ta hanyar Gozaki, ya barbaza a kan irin sama-sama, yadda ake hango ƙasa. Rufin ya riƙe danshi, ya tare dukan ruwa, ya ɓoye wa kaji irin. Inda hannunsa ya yi nauyi tsiron ya ruɓe, ya sake shukawa. Kafin kaka gidan ya yi kore shar.

Ban san me zai ce ba da zai leƙo yau. An raba gado, katanga ta ratsa tsakar gidan, an malale sauran da siminti. Tattakar da ake ba mutum kyauta, yanzu masu kiwo rububinta suke yi. Gonar ma sai mun tambayi lafiyar hanya kafin mu je. Ni kuma baya ya ƙi, sunkuyo ya zama aiki.

Binta tana aure a Funtuwa, tana ɗinki. Kwanan baya na je, na tarar ɗanta ya fara rarrafe, ita kuma ta sa an kafce gefen ɗakinta za ta shuka masa ciyawa. Na ce mata gaskiya ba ni da sauran ƙarfin wannan wahala.

Ta ce, "Baba Isiya, tattakar kawai za ka kawo min. Ai lokacin da yake yi, babu wanda ya fi ni kusa da ƙasa. Na ga komai."

Allah Ya jiƙan Yaya Sale. Ran kasuwa zan kai mata.