Garmar da Baba Bai Ba Ni Ba

Wasu shekaru can baya, ina aji uku a jami'a, babu abin da na sa a gaba kamar in zama shugaban ƙungiyar ɗaliban ƙaramar hukumarmu. Ba wata babbar ƙungiya ba ce fa. Mu ne dai 'yan ƙauyukan gefen Tsanyawa da Allah ya kai birni karatu, mu haɗu a gindin wata darbejiya bayan ɗakin lakca, a yi surutu, a sha ruwan leda, a watse. Amma ni a lokacin ji nake kamar kujerar gwamna ake magana.

Ni ne kakakin ƙungiyar, kuma ba yabon kai ba, Allah ya ba ni baki. Ina cikin 'yan muhawara, sannan babu bitar koyon shugabanci da za a yi a makarantar ban je na kame a layin gaba ba. Na koyi yadda ake tsayuwa, da yadda ake ɗaga hannu, da yadda ake ɗan yin shiru don magana ta ratsa mutane. Har a gaban madubi nake gwadawa, 'yan ɗakinmu suna toshe kunne da filo.

Abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba a lokacin shi ne, saboda mahaifina nake duk wannan. Baba manomi ne, kuma mutum ne da yabo ke yi wa nauyi a baki. In na kawo sakamako mai kyau sai ya ce, "Madalla," ya ci gaba da gyaran ƙotar fartanyarsa. Da na samu jami'a ma "Madalla" ɗin ce dai. Burina kawai in ga ranar da zai zauna a majalisarsu ta ƙofar masallaci ya ce, "Ai yaron wajena ne ke jan 'yan makarantar nan." Wannan kaɗai nake nema.

To akwai taubashina, ɗan gwaggona ƙanwar Baba. Sa'ana ne, tare muka tashi, tare muka samu jami'a. Shi ne mai kula da walwala a ƙungiyar, wato shi ke sayo ruwa ranar taro, shi ke zuwa dubiya in wani ya kwanta. In aka ce ya tashi ya yi magana sai ya sosa ƙeya ya ce, "Abin da ya faɗa ɗin nan, haka ne," ya zauna. Kun san tsakanin taubasai sai tsiya, kowa na cewa shi ne ubangidan ɗaya. Yana ce mini Kwamared Lasifika, ina ce masa Sarkin Ruwan Leda. Ko a mafarki ban taɓa lissafa shi cikin waɗanda za su tare mini hanya ba.

Ana gab da dogon hutu shugabanmu mai barin gado ya ce duk mai son kujerar ya nuna kansa a hutun nan, in an dawo a yi zaɓe. Nan take na miƙe na kawo shawara: mu je gida mu buɗe darasin hutu kyauta ga yaran sakandare. Aka yi ta tafi. Aka zaɓi firamaren ƙauyenmu don ita ce a tsakiya, 'yan sauran ƙauyukan su riƙa zuwa a keke ko a babur. Na sa aka rubuta ƙaton ƙyalle aka ɗaura a bakin makarantar, kuma ba sai na faɗa muku sunan wa ya fi girma a jiki ba.

Ranar farko na ci guga, na ɗauki alli, na shiga aji. Ba kowa sai wasu awaki da suka fake wa yayyafi. Washegari ma haka. Ni ɗan ƙauyen, wanda aka haifa a tsakiyar gonakin nan, wai na manta cewa dogon hutu tsakiyar damina yake faɗowa. Gari duk ya watse gona, ana fama da maimai da huɗa, kuma duk yaron da ya isa riƙe alƙalami ya isa riƙe fartanya.

Sai na ce bari in je in wayar wa iyaye kai. Bayan la'asar na sami dattawa a ƙofar masallaci, Baba na cikinsu. Na gaishe su, na gyara murya, na zuba jawabi a kan muhimmancin ilimi, har da ɗan shirun nan da aka koya mana. Da na gama, wani tsoho ya tofar da tuƙar goro ya ce, "Ɗan Malam, wallahi ka yi magana. To amma in yaron ya tafi ajin naku, wa zai yi mini huɗar dawa? Turancin ne zai yi?"

Majalisa ta kwashe da dariya. Baba bai yi dariya ba, kansa na ƙasa yana jan carbi. Da ma dariyar ya yi, da ta fi mini sauƙi.

A hanyar gida taubashina ya ce, "Kwamared, me zai hana mu yi musu gayya?"

Na ce, "Gayyar me?"

"Mu taru da safe mu nome wa mutum gonarsa, shi kuma ya sakar mana yaransa bayan azahar. Gobe a koma ta wani."

Na ce masa koyarwa muka zo yi, ba ƙwadago ba. Ya ce to, bai ja ba. Amma da ya faɗa wa sauran 'yan ƙungiya sai kowa ya ce ai wannan ita ce magana. Shi da ba ya iya haɗa jimla biyu a gaban taro, sai ga shi yana bi gida-gida, ya tuɓe takalmi, ya durƙusa, ya tambayi ruwa, ya tambayi shuka, sannan ya faɗi abin da ke tafe da shi. Har wani tsohon makaɗin gangar noma da ya daɗe da rataye gangarsa ya lallaɓo ya fito da shi.

Gayya ta kankama. A jera a bakin gona, kowa da kunyarsa, ganga na tashi, taubashina a gaba yana ja. 'Yan jami'a da hannu ya saba da biro muka sha wuya, ni kam tun ranar farko tafin hannuna ya yi bororo. Amma bayan azahar sai ka ga aji ya cika har ana zama a taga. Ni ke koyar da Turanci, kuma na koyar tsakani da Allah, yaran suna jin daɗin ajina.

Sai dai ba ajina ake zance a gari ba. Mata a bakin rijiya, zancen taubashina. Na shiga bas zuwa kasuwar Kunci, direba ya leƙo ni ta madubi ya ce, "Kai ba ɗan'uwan yaron nan mai gayya ba ne?" Ni da na kawo shawarar darasin tun farko, na koma ɗan'uwan yaron nan. A gida mahaifiyata ta ajiye mini tuwo tana cewa, "Kai, yaron nan na gwaggonku Allah ya yi masa albarka, ya san darajar mutane." Kishi nake, kishi mai zafi, irin wanda ko dariyarsa na jiyo daga nesa sai in ji raina ya ɓaci. Kuma ba dama in nuna, don taubashi in ya gano lagonka ka shiga uku.

Ana nan layi ya zo kan gonarmu, tunda ƙannena ma suna cikin 'yan ajin. Na ce yau ce ranata. A gonar ubana, a gaban ubana, ba wanda zai ja gabana. Na naɗe hannuwana da tsumma, na riga kowa zuwa, na tsaya a kunyar farko.

Baba yana da wata garma da ya gada a wajen kakanmu. Ƙotarta ta yi baƙi tana sheƙi saboda daɗewa a hannu. Ba mai taɓa ta a gidanmu, ko matsar da ita za a yi don shara sai an jira shi. Da safen nan sai ga shi ya fito ta cikin dawa da ita a kafaɗa, ya nufo inda muke jere. Na ɗauka ni zai miƙa wa. Har na goge hannuna a jikin wando.

Ya wuce ni. Ya miƙa wa taubashina ya ce, "Ungo, ja mana gaba."

Taubashina ya durƙusa ya ce, "Kawu, wannan ai ta fi ƙarfina."

"Karɓi mana."

Sannan Baba ya juyo ya dubi tsumman da ke hannuna. Ya ɗan jima yana kallo, ya ce a hankali, "Kai hannun nan naka ya ji jiki. Je ka taya innarku ɗauko fura." Ba da faɗa ya faɗa ba, tausayi ne zalla a muryarsa, kuma shi ne abin da ya fi ƙona ni. Haka na bi hanya da ƙwaryar fura a ka, ina jiyo ganga tana wasa wani a gonarmu. Na tsaya a bayan wata kuka na share idona, na ce wa kaina gumi ne.

Da yamma taubashina ya wanke garmar tas ya kawo har zaure. Ina zaune a wajen. Baba ya ce, "Tafi da ita. Ta samu hannu."

Zaɓe kuwa ba sai na ja ku da nisa ba. Na yi jawabin da har yau ban yi kamarsa ba, aka yi tafi kamar rufin zai faɗo. Taubashina kuma, da ma tura shi aka yi ya tsaya, ya miƙe ya sosa ƙeya ya ce, "Ni dai kun san ni. In kun ba ni, tare za mu yi." Waɗanda suka tafa mini su suka zaɓe shi. Bayan an watse ya same ni ya ce, "Lasifika, kar ka gudu ka bar ni. Ni ka san ban iya magana a gaban taro ba. Ka riƙe bakin, in riƙe wahalar." Na karɓa, muka yi shekararmu lafiya, kuma ƙungiyar ba ta taɓa yin aiki kamar na shekarar ba. Wannan ma sai da ya ba ni haushi.

Yanzu abin dariyar, ni ake gayyata makarantu in yi wa ɗalibai lakca a kan shugabanci. Nakan gaya musu cewa kafin ka kira mutane su biyo ka, ka fara duba abin da ya riƙe musu ƙafa, ka sa hannu a cire shi tare. Suna rubutawa, suna gyaɗa kai. Ba na faɗa musu cewa da ƙwaryar fura a ka na koyo shi.

Baba ya rasu, Allah ya jiƙansa, ban taɓa jin maganar nan da nake jira daga bakinsa ba. Bayan an share makoki taubashina ya zo da garmar a naɗe cikin buhu, ya ajiye a gabana ya ce, "Ga kayanka. Kai ne ɗa." Wallahi ina son ta, har hannuna ya kai kan ƙotar. Amma na san ko na ɗauka, ba za ta zama an ba ni ba. Na ce, "Mayar da abarka. Da hannunsa ya miƙa maka, ina tsaye."

Tana nan rataye a zaurensa. Duk zuwana gida sai na je mun sha hira, yana tsokanata, ina ramawa, 'ya'yanmu na wasa a tsakar gida. Ina ƙaunarsa har raina. Sai dai har yau, in ya shimfiɗa tabarma, gefen da zan ba garmar baya nake zaɓa.