Ranar da Inna Ga-naka Ta Caje Aljihun Auta

Duk layin babu wanda ya riƙe sunanta na yanka, Inna Ga-naka ake ce mata. Wanki da guga ne sana'arta tun tana da ƙarfin ɗaukar baho biyu, kuma ba ta taɓa tsoma riga a ruwa ba sai ta zazzage aljihunta. Abin da ta tsinta, ko makulli ne, ko canji, ko rabin alewa da yaro ya manta, za ta ajiye shi a murfin wani tsohon gwangwani. In mai kaya ya zo, kafin ma su gama gaisawa ta miƙa masa, ta ce, "Ga naka." Akwai wani direba da ta bi har bakin titi da maɓallin riga, yana rantsuwa ya yafe, tana rantsuwa ita ba ta karɓi yafiyar ba.

Mijinta ya rasu ya bar mata yara biyu da dutsen guga mai gawayi. Da dutsen nan ta yi wa babbar 'yarta karatu har ta zama malamar asibiti, da shi ta raini Auta. Inna ba ta da gida nata, ba ta da gwal, amma tana da abin alfahari guda wanda ba ta gajiya da faɗa: 'ya'yanta ba su taɓa miƙa wa kowa hannu ba, ba su taɓa ɗaukar abin da ba nasu ba. Maƙwabta sun ji wannan magana har sun haddace.

To, Auta ya samu aiki a wani gidan cin abinci na masu hannu da shuni, irin wanda ake buɗe wa mutum ƙofa kamar ba shi da hannu. Ya fara daga ɗaukar faranti, a hankali aka ɗaga shi ya zama mai kai abinci kan tebur. Inna ta san albashinsa, domin shi da bakinsa ya gaya mata. Sai ga shi ya gyara rufin ɗaki. Bayan 'yan watanni ya kawo dutsen guga na lantarki, daga baya kuma firji. In ta tambaye shi, sai ya yi murmushi ya ce, "Inna, Allah ne ke buɗawa."

Ita ma ta san Allah ke buɗawa, amma ta san ta ƙofa yake buɗawa, ita kuma ba ta ga ƙofar ba. Abin ya tsaya mata a rai. Ruwan firjin ma ta daina sha, ta koma wa randarta, wai sanyinsa na kama mata haƙori. Tsoro take ji, tsoro na gaske, kada a ce ɗan da ta raina da zufarta yana ɗan hali a wurin aiki.

Ran nan ta kira babbar 'yarta ta ce, "Ki kai ni wurin aikin ƙanenki in ci abinci."

"Inna, kin san kuɗin farantin abinci ɗaya a wurin nan kuwa?"

"Ba tambayarki na yi ba. Gani ya kori ji."

Suka je da rana tsaka. Inna ta sha adonta na fita, ta shiga tana taka kafet kamar mai tsoron ya yi ƙara. Aka ja mata kujera, ta riƙe ta gam don ta zaci ɗauke ta za a yi. A gabanta cokula da wuƙaƙe sun yi layi, har da tambulan kala-kala, ta dube su ta ce wa 'yarta a hankali, "Mu nawa ne za mu ci?" Abin da ya kwantar mata da hankali shi ne ƙyallen teburin. Ta murza gefensa da yatsa biyu, ta duba karin gugar, ta gyaɗa kai. Wanda ya yi wannan aikin ya san abin da yake yi.

Can sai ga Auta cikin farar riga, tire a hannu, yana ratsa tebura ba ya taɓa ko ɗaya. Da ya hango su ya ɗan tsaya, ya saki murmushi, ya ci gaba da aikinsa. Ba shi aka ba teburinsu ba, nasa na kusa da taga ne, inda wani dattijo da matarsa suke gama cin abinci. Aka kawo wa Inna kifi da dankali, amma idonta na kan ɗanta.

Dattijon ya biya kuɗi da kati, Inna ta gani da idonta. Ya tashi, ya taimaka wa matarsa da jaka, suka nufi ƙofa. Auta ya zo kwashe kwanuka. Ya ɗaga ƙaramin faranti, ga takardun kuɗi a ƙarƙashi a ninke. Bai ɗaga kai ya nemi mai su ba, bai kira kowa ba. Ya ɗauka ya zura a aljihu, fuskarsa ko gezau, kamar wanda ya saba.

Inna ta ture farantinta gefe. Ba ta san lokacin da ta miƙe ba. 'Yarta ta ce, "Inna, ina za ki?" ta kamo gefen mayafinta, Inna ta fizge. Ta isa gaban Auta, ta damƙe wuyan hannunsa, ɗaya hannun kuma ya faɗa aljihunsa ya fito da kuɗin tun kafin ya buɗe baki. Wanda ya shekara yana cajen aljihu ba ya lalube.

"Abin da na koya maka ke nan?" ta ce. Ba ta jira amsa ba, ta bi dattijon da sauri, takalminta na ƙara a kan tayil ɗin bakin ƙofa. "Bawan Allah! Bawan Allah, tsaya! Ga naka, ka manta a kan tebur. Ka yi haƙuri, ka rufa mana asiri."

Dattijon ya dubi kuɗin, ya dube ta. "Baiwar Allah, ai ban manta ba. Na yaron nan ne."

"Bashi yake bin ka?"

"A'a, tukwici ne. Haka ake yi a nan. In an yi maka hidima ka ji daɗi, sai ka bar wani abu a ƙarƙashin faranti ka yi tafiyarka."

"To me ya hana ka ba shi a hannu, in don Allah ne?"

Matarsa ce ta amsa, tana dariya ƙasa-ƙasa. "Don kada ya miƙa hannu, Mama. Kada kuma ya tsaya yana ta godiya a gaban mutane. Ai ba sadaka ba ce, aikinsa ne ya ci. Maigidan nan ba ya cin gishiri, sau ɗaya muka faɗa wa yaron, tun bara, har yau bai sake tambaya ba."

Inna ta tsaya riƙe da kuɗi, ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige. Da ta juyo, duk zauren ya yi tsit, cokula sun tsaya a hannu. Ta tona wa ɗanta asirin da babu shi, a gaban manyan mutane, a wurin neman abincinsa. Ga manaja kuma ya taho da sauri yana gyara kwat.

"Lafiya? Akwai matsala ne?"

Auta ya ajiye tiren. Kunnuwansa kamar za su yi hayaƙi don kunya, amma ya dubi manajan ya ce, "Babu matsala, yallaɓai. Mahaifiyata ce. Ta zo duba aiki."

Manajan ya dubi Inna, ya dubi kuɗin da ke hannunta, ya gane komai. Ya danne dariya ya ce, "An sha zuwa duba mu, Mama, amma ba a taɓa yi mana irin naki ba. Ki koma ki zauna." Nan da nan cokula suka ci gaba da ƙara.

Auta ya rako ta har teburinta, ya ja mata kujera. Ta ƙi zama. Ta ce, "Me ya sa ba ka taɓa gaya mini ba?"

"Inna, da na gaya miki, cewa za ki yi bara nake. Kuma ba nawa ba ne ni kaɗai. Akwati muke zubawa, a raba da masu girki da masu wanke-wanke. Har mai gugar ƙyallen nan yana da kasonsa."

Wannan ta ƙarshe ce ta karya mata zuciya. Hawaye suka cika mata ido, na kunya da na daɗi a haɗe. Ta kama hannunsa ta danƙa masa kuɗin, ta naɗe yatsunsa a kai.

"Na zalunce ka, Auta. Ka yafe mini."

"Haba Inna, wace irin magana ce wannan? Zauna, kifinki zai huce."

Ta zauna. 'Yarta ta nuna mata wuƙar da ake yanka kifi, ta ture ta gefe ta ɗauki cokali. Tana ci tana kallonsa, yanzu da wani idon daban. Ta ga yadda yake cika tambulan tun kafin mai shi ya lura ruwa ya ƙare, yadda ya durƙusa ya saurari wata 'yar yarinya har ta gama zaɓen abin da take so, yadda yake janyewa in mutane sun shiga maganar da ba ta kunnen kowa ba. Ashe tsayuwar nan ma aiki ce, kuma ɗanta ya iya ta.

Wata mata a teburin kusa tana ta satar kallonta, tana rufe baki da ƙyalle. Inna ta haɗiye lomarta, ta juya gaba ɗaya ta fuskance ta, ta nuna Auta da cokali.

"Kin ga wancan mai farar rigar? Ɗana ne. Ni na haife shi."