Akwatin da Batulu Ta Tsuma Turare a Ciki

Idan ka sauka unguwar Abbasiya a Alƙahira kana neman turaren wuta irin na gida, ko Balaraben da ke gadin ƙofa ka tambaya, zai ɗaga haɓa sama ya ce maka, "Hagga Batul." Hajiya Batulu ke nan a bakinsu, mutuniyar Damagaram, gajeriya mai faɗin kafaɗa, wadda bakinta bai taɓa jin tsoron kowa ba. Tana amarya ta biyo mijinta Hassumi Alƙahira, wai ya zo karatu. Karatun bai ƙare ba har gemu ya yi furfura, kuma suna nan a hawa na huɗu, cikin gidan da lif ɗinsa ya mutu tun kafin su tare. Allah bai ba su haihuwa ba, kuma wanda ya yi gigin yi wa Batulu jaje a kan haka sai ya gwammace bai hau benen ba.

Hassumi ya ajiye littafi ya kama rakiyar fatake. Duk ɗan kasuwar da ya sauka daga Maraɗi ko Kano yana neman abaya ko takalma, shi ke ratsawa da shi lungunan kasuwar Ataba. Ga ƙafa, ga baki. Kai, surutun bawan Allahn nan! Tun daga ƙasan bene Batulu take sanin ya dawo, yana tsokanar mai gadi, yana gardamar ƙwallo da mai wanki da guga. Kullum sai ta ce ya ishe ta, amma wallahi ƙarya take yi. Surutun nan shi ne danginta a garin.

A shekarar korona ciwon ya kwantar da ita. Ta tashi lafiya lau, sai dai hanci bai dawo ba. Mai turare babu hanci! Ba wanda ya sani sai mijinta. Hannunta bai manta aikinsa ba, ta san yawan sandal da hawi da farce, ta san lokacin da sukari ya narke ya kama itace. Abin da ya rage shi ne wanda zai ce ya yi ko bai yi ba, sai Hassumi ya zama hancinta. Bayan la'asar takan zuba garwashi a kasko, ta barbaɗa sabon haɗi, ta miƙa masa. Shi kuma ya lumshe ido kamar wani alƙali.

"Hajiya, kin ƙona sukarin nan. Ƙara miski, ko ki ce wa mata ba ni na ɗanɗana ba."

"Malam, turare ake ɗanɗanawa? Ka ji mutum!"

Duk yinin duniya babu lokacin da ta fi so kamar wannan.

Turaren kirki ba ya son gaggawa. Sai an rufe shi a wuri mai duhu ya tsumu, kuma Batulu ta daɗe tana ƙorafin kwalabe, tana cewa kakarta a akwatin katako take tsuma nata. Wata rana a kasuwar Juma'a, tsakanin matattun fankoki da tsofaffin ƙofofi, ta yi kiciɓis da shi. Akwati ne mai nauyi, katakonsa ya yi duhu, an raba cikinsa gida-gida, sama da ƙasa. A gefe akwai rubutun boko da ya goge, gindin kowane gida kuma ya yi baƙi ƙirin kamar an shafa kwalta. Mai kayan ya ce daga wani tsohon sito na bakin ruwa a Suwais aka fito da shi, amma haka yake cewa a kan kowane tarkace. Batulu ta wanke, ta shanya, baƙin ya ƙi fita. Ta ce ma'alish, ba komai, ta cika gidajen da turare ta rufe.

Ranar da ta buɗe, ta miƙa wa Hassumi kasko tana jiran shaƙiyanci. Ya shaƙi hayaƙin, ya sake shaƙa.

"Malam, yaya? Ya yi?"

"Ƙara."

"Me zan ƙara? Miski?"

"Shi ɗin. Ƙara zubawa."

Turaren ya yi farin jini, har ya ba ta mamaki. Matan ma'aikatan ofishin jakadanci da ke unguwar Ma'adi, waɗanda kwalba ɗaya kan kai su watanni, sai ga su suna bugo waya kafin wata ya mutu. Wata ta ce mata gidanta ya yi tsit, yara ba sa faɗa, maigida ya daina fita hira. Batulu ta ji daɗi, kada a yi ƙarya. Ta ƙara haɗi, ta ƙara cika akwati.

Ba ta lura da ranar da Hassumi ya daina zuwa Ataba ba. Da fari ya ce ƙafa ce, daga baya bai ma ce komai ba. Fatake su yi ta bugo waya har ta gaji ta yi shiru. Ya jawo tabarma kusa da akwatin, ya kwanta a gefe ɗaya, ya tanƙwashe gwiwoyi, fuskarsa dab da murfin. Ko ba a kunna garwashi ba, nan yake wuni. Ta dafa masa dambu, abin da a da har kwanon yake lashewa, ya kai loma biyu ya ture. Jallabiya ta fara yi masa yawa. Gidan da ba a jin kiran salla saboda surutunsa, yanzu har ɗigar famfon bayi ake ji.

Ta kai shi asibiti, likita ya duba ya rubuta maganin ƙarin jini. Ta karɓo rubutu wurin wani malami ɗan garinsu, ya shanye bai yi musu ba, ya koma ya kwanta. Wani hantsi tana shara ta ce ya ɗan matsa.

"Babu wuri," in ji shi, a hankali.

"Kamar yaya babu wuri? Falon nan ni da kai ne."

"Suna da yawa, Hajiya. Layi-layi suke kwance. Ba ruwansu da kowa, har matsa mini suka yi." Ya lumshe ido. "Maza ne, amma kowa da kitso ɗaya, dogo, har gadon baya."

Ta dubi falon, rana ta shigo ta taga har kan tayil, babu kowa sai kujeru biyu da firji. Tsoro ya kama ta sosai, tsoron mijinta zai mutu a gabanta tana riƙe da tsintsiya.

A ƙasan gidan da ke kusa da nasu akwai shagon taliya na wata 'yar Sin Musulma, Lina, ita da mijinta, inda ɗalibai ke cika da rana. Hassumi ya saba tsayawa ya tsokane su da Larabcinsa na kasuwa. Da Lina ta ji ba shi da lafiya, sai ta hau da kwanon romo. A bakin ƙofa ta tsaya cak. Ta dubi mutumin da ke kwance, ta dubi akwatin, sannan ta roƙi Batulu ta ɗaga murfin. Da ta ga gidajen nan, sai ta ajiye kwanon a ƙasa, ta ja Batulu waje kan matakala.

"'Yar'uwa, ina kika samo wannan?"

Batulu ta gaya mata, har da maganar masu kitso. Cikin Larabcinta mai tsalle-tsalle, Lina ta ce tana yarinya an kai su gidan tarihi a ƙasarsu, ta ga irinsa. Akwatin afyun ne, wani baƙin ƙaro da ake tatsa daga fure, wanda in mutum ya sha hayaƙinsa sai ya kwanta ya manta da duniya. A zamanin da, Turawan Ingila na son shayin Sin, su kuwa mutanen Sin ba abin da suke so a wurinsu. Sai Turawan suka riƙa ɗebo afyun daga Indiya cikin jiragen ruwa, dunƙule ɗaya a kowane gida na akwati. Maza suka kwanta, masu gona da masu mulki, kowa da dogon kitsonsa ɗaya irin na mazan Sin na lokacin. Sarkinsu ya aiko wani babban jami'i ya ƙwace kayan ya lalata, Turawa kuma suka zo da jiragen yaƙi.

"Tsaya," in ji Batulu. "Yaƙi aka yi da ku don kun ce ba ku saye?"

"Kuma suka ci mu."

"La'ilaha illallahu! To amma wannan ai fanko ne. Na wanke shi da hannuna. Shekara nawa?"

"Ban sani ba, ni taliya nake sayarwa. Amma kwanciyar nan na san ta a hotuna. Kakata ta ce haka kakanta ya kwanta, har aka sayar da rufin ɗakin yana ciki."

Batulu ta jingina da bango. Ita ta sayo, ita ta cika, ita ta miƙa masa kasko da hannunta tana dariya. Ta ce yanzun nan za ta banka wa tsinannen wuta. Lina ta riƙe ta, ta ce kul, hayaƙin ina za shi? Ko jami'in nan bai ƙona ba. Ramuka ya sa aka haƙa, aka zuba ruwa da gishiri da farar ƙasa, abin ya narke, aka kora shi teku.

"Amma ki sani," in ji Lina, "bayan an zubar ne yaƙin ya fara."

Masallacin Juma'a kaɗai ya rage wa Hassumi na fita, yana jan ƙafa yana dafa bango. Ranar Juma'a yana sauka, Lina da mijinta suka hau da gatari. Suka kai akwatin kan rufin gida, tsakanin tarkacen kujeru da akurkin tattabarun mai gadi, suka faskara shi. Suka zuba a durom, da shi da duk turaren da ya rage, suka bi da gishiri da farar ƙasa da ruwa. Abin ya hau tafasa ba wuta, yana huci. Tattabarun da ke ta guɗa suka yi tsit gaba ɗaya. Lina da mijinta sun ɗaure fuska da ƙyalle, duk da haka sai da mijin ya zauna a ƙasa yana hamma, matarsa ta daka masa duka a kafaɗa ta ce yalla, tashi. Da ya lafa suka tuttular a magudana, guntayen katakon kuma mijin Lina ya ƙulle a buhu ya tafi da su inda bai faɗa wa kowa ba.

Hassumi ya dawo ya tarar da tabarma kawai. Wayyo, ranar Batulu ta ga mutumin da ba ta sani ba. Ya kife kujeru, ya farfasa kwalabe, ya kira ta da sunan da ba zan maimaita ba. Mutumin da ba ya iya hawa bene sai ya huta, shi ne ya shiga jirgin ƙasa har Ma'adi yana buga ƙofofin matan mutane, yana roƙon ko ɗan burbushi. Ba wadda ta ba shi, su ma kiran Batulu suke yi ba dare ba rana, wata da kuka, wata da zagi, har ta kashe wayar ta jefa cikin durowa. Daga nan jiki ya karɓa. Ga zafin bazara, shi kuwa yana rawar sanyi cikin bargo, yana amai, yana gumi. Ta yi jinyarsa daga nesa, don ko inuwarta ba ya son gani. Sai ta ajiye kwano a bakin ƙofa, ta koma kicin ta yi kukanta.

Sannu a hankali abin ya sassauta. Ya sha kunu. Wata safiya ta ji shi ta taga yana ce wa mai gadi ƙungiyarsa ba ta iya ƙwallo ba, muryar a shaƙe, amma tasa ce. Batulu ta yi sujada a kan tayil ɗin kicin.

Rannan bayan azahar ta kai masa shayi, ta yi ƙarfin hali ta miƙa masa hannu da hannu. Ya karɓi kofin ya ajiye, ya kama hannunta. Rabon da ya taɓa ta tun kafin Juma'ar nan. Ta zauna a bakin tabarma, zuciyarta na bugawa kamar ta amarya, abin kunya da girmanta.

"Malam, ka huce?"

Ya juya tafin hannun, ya kai fuskarsa, ya ja numfashi mai tsawo. Ta ga kafaɗunsa sun saki. A hankali ya zame ya kwanta a gefe ɗaya, ya tanƙwashe gwiwoyi, hancinsa cikin tafinta.

Watanni ta yi tana cusa hannun nan cikin gidajen akwatin, tana kankare gindinsu da farce don kada a yi asarar turare. Tun ranar durom take dirje shi da sabulu da lemun tsami, har lalle ta ƙunsa. Ta so ta fizge, sai ta ji ɗumin numfashinsa a fatarta, ta kasa.

"Hajiya," ya ce, bai buɗe ido ba, da muryar nan mai taushi da ta yi kewa. "Kada ki wanke shi."

Masallatan Abbasiya suka ɗauki kiran la'asar, wannan na bin wancan. Butar alwala na nan bakin ƙofar bayi, tana hango ta daga inda take. Aka tayar da salla, aka sallame, Batulu na zaune ba ta motsa ba.