Ranar da Uba Ya Yi wa Ɗansa Intabiyu

Na ga abubuwa iri-iri a shekarun da na yi ina aikin malamin gona, amma akwai wata Asabar a Birnin Gwari da ba za ta taɓa fita raina ba, ko da tsufa ya sa na fara manta sunayen jikokina.

'Yan shekaru ne bayan samun 'yancin kai. Makarantun gaba da firamare sai buɗewa suke yi, ga ta horon malamai, ga ta koyon sana'a, ga ta aikin jinya. Yaranmu kuwa su ci jarrabawar rubutu lafiya lau, amma da an je intabiyu Kaduna sai a dawo hannu rabbana. Abin ya ci mini rai har na bi ba'asi. Ashe da yaro ya shiga ɗakin sai ya tuɓe takalmi, ya bar kujera ya tsugunna, ya sunkuyar da kai. In an tambaye shi me yake so ya zama, sai ya ce duk abin da manya suka zaɓa masa. Ladabin gida ne yake kayar da su.

Ni dai ba na iya zuba ido. Na sami hedimasta na roƙa ya ba ni 'yan aji bakwai kowace Asabar, don Allah kawai. Muka kafa tebur da kujeru a gindin ɗorawa, na ari tabarau, na ɗaure fuska, na zama mai tambaya. Dariya kam mun sha ta! Wani ya ɗosana a bakin kujera kamar an ɗora shi kan garwashi. A hankali dai bakinsu ya buɗe, har na fara ɗokin zuwan Asabar fiye da su.

Wanda ya fi burge ni wani yaro ne ɗan Kutemeshi, mai zaune gidan kawunsa a cikin gari. Ya ci jarrabawar makarantar koyon sana'a, intabiyu kaɗai ya rage masa a mako mai zuwa. Muna tsaka da gwaji sai ga mahaifinsa a kan keke, fuska ba walwala. Labari ya kai masa cewa ɗansa ya fara amsa wa kawunsa magana kai a ɗage.

"Malam, an ce kai ne mai koya wa yara kallon manya ido cikin ido. Na zo tafiya da yaron nan, gona tana jiransa."

Na san in yaron ya hau keken nan, shi da makaranta har abada. Na yi bayani har bakina ya bushe, dattijo bai ko gyaɗa kai ba. Ban san inda dabarar ta fito mini ba, sai na miƙe na nuna masa kujerata. Na ce, "Baba, zauna nan ka tambaye shi da kanka. In ka ga rashin kunya, ku tafi."

Yaron nan ɗan fari ne, uban bai taɓa kiran sunansa ba, kuma in yana da magana da shi sai dai ya aika masa ta bakin wani. Duk da haka ya zauna. Yaro ya yi sallama, ya hau kujera, sai kuma kai ya koma ƙasa. Duk abin da na koya masa ya bi ruwa. Shi ma uban gefe yake kallo, ni kuma ina tsaye ina addu'a a zuci.

Can dattijo ya yi gyaran murya. "Ɗago kanka, ni na ce. Me kake so ka zama?"

Yaro ya ɗago. "Baba, gyaran inji nake so in koya. In injin niƙa ya lalace sai an jira mutum daga Kaduna, Inna tana daka har hannunta ya yi kanta. Ina so ya zama ni za a kira."

Uban ya daɗe yana kallonsa, sannan ya ce, "Ashe haka kake magana?" Ya juyo gare ni ya tambayi ranar da motar Kaduna take tashi.

Yara suka kaure da tafi da tsalle. Ni da tabarau ɗin aro, na manta da ɗaure fuska, na cilla hulata sama don murna. Da ranar ta zo uban ne da kansa ya raka yaron tasha, kuma makarantar ta ɗauke shi.

Tun daga ranar na gane cewa shirya yaro rabin aiki ne. Kome za ka koya masa, ba zai ɗaga kai a gaban baƙi ba sai na gida sun ce ya ɗaga. Shi ya sa ban sake fara gwaji da wani yaro ba sai na je na gaishe da iyayensa tukuna.