Sunan Fru Nordvik na Yanka

Wata Asabar bayan ƙaramar sallah, ina shekara tara, Mama ta miƙo min kwanon waina ta ce in kai wa tsohuwar da ke maƙwabtaka da mu a garin Glenwood, can ƙasar waje. 'Yar Norway ce, mijinta ya daɗe da rasuwa, duk layin Fru Nordvik ake kiranta. Ita ta faɗa min a ƙasarsu Fru ake ce wa matar aure, a haɗa da sunan gidan miji, budurwa kuwa Froken. Haka take kirana, Froken Hadiza, ni da ko ɗaurin kallabi ban iya ba.

Ba na son shiga gidan nan. Da rana tsaka labule a sake, agogon bango a tsaye, kwat ɗin mijin rataye a bayan ƙofa kamar yanzu zai fito ya saka. Ranar ta zaunar da ni, ta riƙe min hannu da yatsunta masu sanyi, ta ce tun rasuwar yayarta ba wanda ya sake kiranta da sunanta na yanka. "Ragna nake," in ji ta. "Faɗa sau ɗaya in ji, Froken."

To, ni 'yar gidan da ko Mama ba ta kama sunan Baba, sai dai Alhaji. Yaya zan dubi sa'ar kakata in kira sunanta gatsal? Na sunkuyar da kai na ce, "Yes, Fru Nordvik." Ta saki hannuna a hankali. Na fito da gudu, kwanon ma na baro shi, na sha faɗa a gida.

Kashegari da la'asar ina kwashe shanya a bayan gida, sai na jiyo muryarta ta tagar kicin: "Ragna!" Can wata siririyar murya irin ta ƙaramar yarinya ta amsa. Na san ba kowa a gidan sai ita. Na watsar da kayan a kan ciyawa. Na yi ta lallashin kaina cewa ita ke kiran kanta tana amsawa. Kafin babbar sallah tsohuwar ta rasu.

Yanzu ɗalibai ne a gidan, kekuna jingine a baranda, labule a ɗage. An ce can ƙasarsu ma an daina Fru ɗin, yaro da babba kowa sunansa ake kira. Abin yana damuna har yau, kalma ɗaya ta roƙe ni na hana ta. Duk sanda na bi ta layin nakan rage gudu in buɗe baki, sai in fasa. Da can kunya ce ta hana ni, yanzu kuwa tsoro nake kada a amsa.