Sai Ta Kwana

Yayana makanike ne, na motocin dizal. A gareji ba mai kiran sunansa, Sai-ta-kwana ake ce masa. Ko kuka ka zo kana yi, ba zai taɓa motarka da zafinta ba. Tun muna yara haka yake, ko shayi sai ya huce yake sha. Masu gaggawa sun sha yin fushi su tafi, su kuma dawo da ƙafarsu.

Ni ma na taɓa jin haushin wannan hali. Mijina direban motar kaya ne, sai motar ta fara shan mai kamar ana zuba shi a rariya. Mai motar ya tsaya a gaban sauran direbobi ya ce mijina ne ke zuƙe man yana sayarwa, ya karɓe makulli. Bawan Allah ya dawo gida ko abinci ya kasa ci.

Na roƙi mai motar ya sa aka kai ta garejin Yaya, na bi bayanta. "Yaya, ka duba ta yanzu, mutuncin gidana ne."

"Sai ta kwana," in ji shi, yana goge hannu da tsumma. Kamar in shaƙe shi.

Da safe ya ce a kira mai motar da mijina. Bai tayar da inji ba, ya dai murɗa makulli ya jona kwamfutarsa.

"Ranka ya daɗe, motar da ta kwana komai nata ɗuminsa ɗaya ne da na gari. Ga ɗumin ruwan inji a kwamfuta, daidai yake. Amma dubi sansar da ke auna zafin iskar da inji ke shaƙa. Cewa take muna cikin firiza."

Ya kwance ta daga bututun iska, 'yar aba kamar ɗan yatsa, duk ta yi baƙi da dauɗar mai. Ya bar wayarta a jone, ya danƙa wa mai motar. "Dunƙule ta a hannunka." Lambar da ke kan kwamfuta ko gezau. Ya jona sabuwa ya sake ba shi, nan da nan lamba ta fara hawa da ɗumin tafinsa.

"Ƙarya take wa inji cewa ana tsananin sanyi, shi kuma yana ta antaya mai. Ga ɓarawonka nan."

Mai motar ya zaro makulli ya miƙa wa mijina. Yaya ya tare hannun.

"A'a, ranka ya daɗe. Ba a nan ka karɓa ba. A inda ka karɓa, a gaban waɗanda suka ji, can za ka mayar masa."

Haka kuwa aka yi. Ranar mijina ya cinye kwanonsa tas, har ya ce in ƙaro.