Ƙaura Ba a Kwance Kaya Ba

Manhajar da wata matashiyar ma'aikaciya ta rubuta ta ƙi aiki a gaban oga. Shi ya turo ta wannan taro na gabatar da sabon rumbun bayanai, ya ce ta koyo ko ta nemi wani aikin.

A kujerar gabanta akwai wani dattijo mai furfura a ƙeya. Ya rungume tsohuwar kwamfuta a cinya, haruffan madannanta duk sun goge. In mai jawabi ya ce “cikin sauƙi”, sai ya sosa kunne. Tana jin irinsa ne ya gina rumbun wani kamfani da hannunsa, yanzu yaran da ya koya wa aiki ke ba shi umarni.

Ya ɗaga hannu.

“Ɗana, manhajar da muke rubuta aiki da ita fa? Sabon rumbun zai karɓe ta?”

“Baba, ai an daina yayinta. Sai dai ku yi ƙaura zuwa sabuwa.”

“Wata ƙaurar? Ta bara ma ban gama kwance kaya ba.”

Ɗakin ya kwashe da dariya, shi ko murmushi bai yi ba. Har ta fara tausayinsa, sai wani ya tambaya wace manhaja ce haka. Dattijon ya faɗi sunanta.

Ita ce aka koya mata a jami'a. Da ita ta samu takardar digirin da mahaifiyarta ta rataye a bango.